Tonon titi domin wayar intanet a Damagaram: tambayoyi da amsoshi kan izini, haya da gyaran hanya

Duk wanda ke zaune a Zinder ya taɓa wayar gari ya tarar da dogon rami a ƙofar gidansa ko gaban shagonsa, aka ce masa "ƴan intanet ne". Wannan shafi amsa ce ga tambayoyin da masu unguwanni, ƴan kasuwa, ma'aikatan meri (ofishin magajin gari) da ƙananan ƴan kwangila suka fi yi game da ƙa'idar barin kamfanonin sadarwa su binne waya ko su rataye ta a hanyar jama'a. Wayar da ake magana a kanta ita ce fibir, wadda a Najeriya ake ce wa faiba: zaren gilashi ne mai kaurin gashin kai, haske ke bi ta cikinsa ya ɗauki magana da hotuna.

Mene ne haƙƙin bi ta hanya?

Izini ne da ake ba kamfani ya ajiye kayansa a ƙarƙashin titi, a gefensa ko a samansa. Titi da gefen titi, magudanar ruwa da filin da aka bari tsakanin kwalta da katangar gidaje duk dukiyar jama'a ce. A tsarin dokar Nijar irin wannan dukiya ba a sayar da ita, kuma daɗewa a kanta ba ya sa ta zama ta mutum. Don haka abin da kamfani ke samu aro ne mai wa'adi da sharuɗɗa, wanda hukuma za ta iya janyewa in amfanin jama'a ya buƙata. Waya da bututu na kamfani ne. Ƙasar da suke kwance a cikinta ta gari ce.

Kamfani yana da lasisi daga Yamai. Me ya kawo neman wani izini a nan?

Takardu biyu ne, kowace da aikinta. Lasisin gudanar da sadarwa ya rataya ga gwamnati da hukumar ARCEP mai kula da sadarwa da gidan waya, a ƙarƙashin dokar sadarwa ta 2018. Shi ne ke ba Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom ko Niger Telecoms damar sayar da sabis a ƙasa. Amma lasisi bai faɗi gefen da za a tona a titin kasuwar Dole ba, ko ranar da za a toshe lungu a Zango. Wannan na hannun wanda ke riƙe da hanyar.

Cikin gari, titunan unguwanni na hannun meri. Manyan hanyoyin ƙasa kuwa, wato lamba 1 da ta taso daga Yamai ta ratsa Maraɗi da Zinder zuwa Diffa, da lamba 11 da ta gangaro daga Agadas da Tanut ta nufi Magarya, ma'aikatar da ke kula da hanyoyi ce ke da magana a kansu, ko da a tsakiyar gari suke. Layi ɗaya na waya zai iya buƙatar sa hannun duka biyun. Mai unguwa ba shi ke ba da izini ba, amma ɗan kwangilar da ya shiga unguwa bai gaida shi ba ya ɗauko wa kansa rigimar da zama ɗaya a ƙofar gida zai iya kashewa.

Me ya kamata takardar neman izini ta ƙunsa?

Taswirar layin tun daga farko har ƙarshe, da nisansa daga bakin kwalta. Zanen ramin a yanke: zurfi, faɗi, yawan bututu. Wurin kowace rijiyar waya, wadda ma'aikata ke kira shambur. Inda za a tsallaka titi da yadda za a tsallaka. Ranar farawa da ta gamawa. Sunan ɗan kwangilar da zai yi aikin da hannunsa, domin sau da yawa kwangila kan sauka hawa biyu ko uku kafin ta kai ga mai diga. Sai takardar inshora, da shaidar cewa an tambayi masu ruwa da masu lantarki inda kayansu suke.

Wannan ta ƙarshe ita aka fi tsallakewa, kuma a Damagaram ita ta fi komai muhimmanci. Garin da ake jawo masa ruwa daga nesa, inda unguwa kan jira pampo kwana da kwanaki a watannin zafi, bai kamata a fasa masa bututun ruwa don gaggawar binne waya ba.

Zurfin nawa ya kamata ramin ya yi, kuma me ake zubawa ciki?

A gefen titi cikin gari, ƙa'idar da aka saba ita ce a samu aƙalla santimita 80 na ƙasa a kan bututu; inda motoci ke hawa, mita ɗaya ko fiye. Faɗin santimita 30 zuwa 40 ya isa ga ramin da aka tona da hannu.

Jerin aikin daga ƙasa zuwa sama haka yake. A share gindin ramin daga duwatsu, a shimfiɗa yashi mai laushi kamar santimita 10. A kwantar da bututun roba mai ƙarfi, galibi mai faɗin milimita 40, biyu ko uku a jere, a toshe bakin kowanne don kada ƙasa da gara su shiga. A rufe su da wani yashin santimita 10 zuwa 20. A mayar da ƙasa hawa-hawa, kowane hawa bai wuce santimita 20 zuwa 30 ba, a yayyafa ruwa a daɓe shi da inji kafin a zuba na gaba. Santimita 20 zuwa 30 sama da bututu a shimfiɗa ragar gargaɗi. Launinta yana da ma'ana a tsarin da muka gada daga Faransa: kore na sadarwa, ja na lantarki, shuɗi na ruwan sha. Mai tono da ya ga koren raga a bakin digarsa ya san ya ajiye diga ya ɗauki shebur. Tsakanin bututun waya da na ruwa ko wayar lantarki a bar aƙalla santimita 20.

Ita wayar ba a binne ta tare da bututu. Sai an rufe rami ake hura ta ciki da iska mai ƙarfi ko a jawo ta daga shambur zuwa shambur, a bar rarar mita goma sha a naɗe a cikin kowace don ranar gyara.

Inda ake ha'inci wuri biyu ne. Na farko zurfi: ana biyan masu tono ne bisa tsawon mita, don haka in babu mai aunawa da sanda, ramin santimita 80 yakan zama 40 da zarar ƙasa ta yi tauri. Na biyu daɓe: a tura ƙasa duka a lokaci ɗaya da shebur, a tattake da ƙafa, a tafi. Ranar da aka gama, wurin kamar ba a taɓa shi ba. Ruwan Yuli na farko zai zaunar da ƙasar, layin ya zama kwari, ruwa ya mai da shi hanyarsa, ya riƙa cin gefen kwalta daga ƙasa har ta tsage. Yawancin ramukan da ake ɗora wa damina laifi a gefen titi, asalinsu ramin da ba a daɓe ba ne.

A Birni, wato tsohon gari, dutse ne ko'ina. Yaya ake yi?

Inda diga ta ci karo da fa, zaɓi uku ne: a fasa da inji, a kauce da layin, ko a rage zurfi a rufe bututun da kankare. Na ukun halal ne in an rubuta shi a izini, an kuma sa shi a taswira. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a kwantar da bututu a kan dutse tsirara a yafa masa ƙasa taƙi ɗaya.

Matsalar da ta fi dutse a tsohon gari ita ce katangar ƙasa. Lungunan da ke kewaye da fadar Sarkin Damagaram matsattsu ne, gidajen kuwa na laka ne, wasu da zanen da ba a sake irinsa yanzu. Rami a jikin tushen irin wannan gini yana tara ruwa a gindinsa, injin fasa dutse kuma yana girgiza shi. A irin waɗannan lunguna a nisanta rami daga katanga iyakar yadda wuri ya bari, a tona gajeren zango a rufe shi a yini guda, a ɗauki hoton kowace katanga kafin a soma. In lungun bai kai ba, a bi ta sama.

Dole ne a yanka kwalta in za a tsallaka titi?

A'a. Akwai injin da ke huda ƙasa ta ƙarƙashin titi daga wannan gefe zuwa wancan, ya jawo bututu ba tare da an taɓa kwaltar ba. Ya fi tsada a ranar aiki. Amma kwaltar da aka yanka aka lika ba ta komawa yadda take, bakin likin nan ruwa ke shiga. Titunan da aka shimfiɗa wa garin lokacin bikin Zinder Saboua na 18 ga Disamba 2018 kuɗin jama'a ne, kuma ya dace meri ta sa hudawa ta ƙasa ta zama sharaɗi a kansu. Inda titin na pabe ne abin ya fi sauƙi: a ɗaga tubalan a jera gefe, a mayar da su kan yashin da aka daɓe.

Nawa ya kamata kamfani ya biya?

Nan ne gardama take. Kuɗi iri uku ne, kuma haɗa su wuri guda shi ke kawo ruɗani: kuɗin duba takarda da sa ido a kan aiki, hayar wurin da ake lissafawa bisa tsawon mita, da kuɗin jingina da ake riƙewa har a ga an gyara hanya.

Maƙwabtanmu sun ɗanɗana wannan kafin mu. A Najeriya an amince tun 2013 cewa a riƙa karɓar naira 145 a kowace mita, amma jihohi da yawa suka ci gaba da karɓar dubbai. Sai a 2020 jihar Ekiti ta sauko daga naira 4,500 zuwa 145, Kaduna kuma ta yafe kuɗin baki ɗaya. A lissafa a kan kilomita 10 kawai: naira miliyan 45 a tsohon farashi, miliyan 1 da dubu 450 a sabo. Kamfanin da aka ce ya biya na farkon zai kai waya banki da manyan ofisoshi ya tsaya, unguwannin bayan gari su ci gaba da jira.

Ra'ayinmu a fili yake. Haya ta zama kaɗan, a rubuce, a manne a bango, daidai ga kowane kamfani har da na gwamnati. Jingina kuwa ta yi nauyi, ta kai abin da zai isa a sake gyara wurin in ɗan kwangila ya gudu. Meri tana da gaskiya in ta ce baitulmalinta ba shi da ƙarfi, amma haya mai tsada sau ɗaya ake cin ta, ramin da aka bari kuwa kowace damina sai ya ci nasa. A kuma sa wa'adin amsa takarda, misali wata guda. Takardar da ke kwana a tebur ba ranar fita ita ce ke buɗe ƙofar "a ga ido".

Me ya sa kowane kamfani ke tona nasa ramin a titi ɗaya?

Domin ba a tilasta musu haɗuwa tun farko ba. Mafi yawan kuɗin shimfiɗa fibir, sau da yawa fiye da kashi biyu cikin uku, a tono da rufewa yake tafiya. Ita wayar da bututun ba su kai haka ba. Waya guda mai kaurin yatsa tana ɗauke da zare 48, 96 ko 144, ga shi kamfani ɗaya ba ya cinye su.

Maganin sananne ne. Kafin a ba da izinin tono, meri ta sanar da sauran kamfanoni ta ba su ƴan makonni su shigo ramin a raba kuɗi. Wanda ya tona ya bar bututu ɗaya ko biyu babu komai a ciki. Bayan an rufe, a hana sake tona wannan titi na wasu shekaru sai don gyaran gaggawa. Wanda ya zo daga baya ya yi hayar bututu ko zare. In mai bututun ya ƙi, ko ya tsuga farashin da nufinsa a haƙura, wannan rigima ce tsakanin kamfanoni, kuma teburin ARCEP ne wurinta.

Wuri mafi arha na sa bututu shi ne titin da ake ginawa. Duk sabon titi ko magudana da za a yi a garin, a kwantar da bututu tun kafin a zuba kwalta, ko da babu wanda ya nema tukuna.

Babban layin da ya bi hanyar Magarya fa?

Wani reshe ne na babban layin fibir mai ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya sa wa kuɗi, ya tashi daga Zinder ya nufi iyakar Najeriya. Nijar ba ta da teku, yawancin intanet ɗinta ta ƙasashen maƙwabta yake shigowa, don haka kowace sabuwar ƙofa tana rage haɗarin a wayi gari a rufe. Amma babban layi kamar babbar hanya yake: ya kawo kaya tasha. Daga tasha zuwa jami'ar André Salifou, asibiti, makarantu da gidaje, titunan gari za a bi, kuma wannan guntun shi ne izinin meri ke saurin da shi ko ya jinkirta.

Ba a iya rataya wayar a poton lantarki a huta da tono?

Ana iyawa, kuma a unguwanni masu cunkoso shi ya fi sauri. Sharaɗi shi ne yarjejeniya a rubuce da NIGELEC, kamfanin lantarki mai potunan, a duba ko kowane poto zai ɗauki ƙarin nauyi, a yi amfani da wayar da babu ƙarfe a cikinta, a rataye ta ƙasa da wayoyin wuta da tazara. Inda ta tsallaka titi kada ta gaza mita 6 daga ƙasa. A garin da manyan motoci ke shigowa da lodi ya haura kan mota, da amalanke mai tulin kara, wayar da ta yi ciki ba ta shekara. Zafin Afrilu yana saki da ita, iskar farkon damina tana kaɗa ta, don haka a ja ta daidai gwargwado tun ranar farko.

An tona gaban shagona. Me nake da haƙƙin nema?

Ba za ka iya hana aikin da ke da izini a filin jama'a ba, amma akwai abubuwan da kake da damar tsayawa a kansu. A sanar da kai kafin a zo. A bar maka hanyar shiga: katako mai kauri ko farantin ƙarfe a kan ramin, wanda tsohuwa da mai babur za su iya hawa. Kada a tara ƙasa a bakin ƙofarka ko a cikin magudana. A kewaye ramin da igiya mai launi, da dare a sa alama. Dakalin siminti ko rumfar da aka fasa, a daidaita kan gyaransu kafin a fasa.

Ka je wurin shugaban aikin da safe, tun ba a yi nisa ba. "Malam, sannu da aiki. Don Allah in ga takardar meri, kuma yaushe za ku rufe nan?" Mai izini ba ya jin haushin wannan tambaya, zai ciro kwafi daga mota. Ka rubuta lambar takardar da sunan kamfanin, ka ɗauki hoton wurin da wayarka, da wani abu a cikin ramin da zai nuna zurfinsa. In layin zai ratsa cikin filinka ko gonarka, wannan ya fita daga izinin titi: sai da yardarka a rubuce, ko ta hanyar doka tare da diyya.

Ramin da aka bari buɗe a hanyar yara ƴan makaranta ba abin jira ba ne. A gaya wa mai unguwa da meri a ranar.

In wani ya tsinke wayar, wa ke biya?

Ya danganta da wanda ya bi ƙa'ida. In mai tono bai tambaya ba, ko ya ga koren raga ya ci gaba, nauyin na kansa. In kamfani ya binne waya a santimita 30 babu raga, ko taswirarsa ta nuna hagu alhali wayar na dama, ba shi da bakin neman diyya. Shi ya sa taswirar bayan aiki, wadda ke nuna inda wayar ta kwanta da gaske, ta fi ta neman izini daraja, kuma bai kamata a mayar da jingina ba sai an ajiye kwafinta a meri.

Gyaran ba ɗaurin wayar wuta ba ne. Da farko ana harba haske daga ofis da na'urar da ke faɗin nisan inda ya tsaya, a mita. A je a tona, a jawo rarar da aka bari a shambur. Mai haɗin zai zauna cikin mota ko ƙarƙashin tanti saboda ƙura, ya fere kowane zare, ya goge shi da alkol, ya yanke bakinsa daidai, ya sa biyun cikin injin da ke narka su su zama ɗaya. Ƙwayar ƙura guda ta harmatan a bakin zare ta isa ta ɓata haɗin a sake. Zare 96 ɗaya bayan ɗaya, ga bin launi don kada a haɗa na banki da na wani: aikin awoyi ne, kuma duk tsawonsu layi a ɗauke yake.

Akwai tagulla a cikinta?

Babu. Galibi gilashi ne da roba, ɗan gwangwan ba zai ba da ko dala a kanta ba. Abin da ake sacewa shi ne murfin shambur na ƙarfe, don haka murfi mai makulli ko na kankare ya fi. Wanda ya tsinci wayar a tsinke kada ya leƙa bakinta: hasken da ke ciki ido ba ya ganinsa, amma yana iya lahanta shi.

In za a faɗaɗa titi, wa ke ɗauke wayar?

A bisa asali, mai aron wuri shi ke matsawa da kuɗinsa in aikin don amfanin hanyar ne. A rubuta wannan a izini tun farko, tare da wa'adin sanarwa na watanni, domin ana shimfiɗa sabon layi ne a haɗa shi kafin a cire tsohon. Katafila ba ta jiran wasiƙa.

Wane lokaci ya fi dacewa da tono?

Daga Oktoba zuwa Mayu. Tsakanin Yuni da Satumba buɗaɗɗen rami yakan cika da ruwa cikin awa guda, gefensa ya rufta, bututun da ba a danne ba ya taso sama. In dole ne a yi aiki da damina, kada a buɗe fiye da abin da za a rufe kafin magariba. A kauce wa ranar kasuwa a kewayen Dole, da hanyoyin idi da na hawan sarki a makon salla.

Yaushe ake cewa aiki ya ƙare?

Karɓa biyu ce. Ta farko a makon da aka rufe: wakilin meri ko na ma'aikatar hanyoyi ya bi layin da ƙafa, a buɗe kowace shambur, a tona wuri biyu ko uku da shi ya zaɓa, ba ɗan kwangila ba, a auna zurfi a ga raga, a kwashe ragowar ƙasa da tsakuwa. Ta biyu bayan shekara, wato bayan damina guda ta bi ta kai. A sake bin layin a watan Oktoba, a ɗora doguwar sanda miƙaƙƙiya a gicciye kan inda aka tona. In tsakiya ta zauna har hannu na shiga ƙarƙashin sandar, kamfani ya dawo ya buɗe, ya daɓe, ya gyara, sannan a sake masa jinginarsa.